3.2 Tarihin Tashoshin Maimaici na FM a Amurka da Matsalar Cunkoso

Tashar maimaici ita ce ƙaramar tasha wadda ba ta da shirin kanta, sai dai ta kamo na wata babbar tasha ta sake watsa shi a kan wata mita daban. Hukumar sadarwa ta Amurka, wato FCC, ta ba da izinin kafa irin waɗannan tashoshi a zangon FM a shekarar 1970, domin a isar da shirye-shirye ga mazauna wuraren da tsaunuka ko nisa suka hana su kama rediyo. Ƙarfin kowace tasha ba ya wuce wat 250, kuma idan ta shiga wa wata babbar tasha, ita ce za ta gyara ko ta rufe.

Tun da manufar ita ce cike giɓi, dokar hukumar ta hana mai tasha ɗaya ya kafa tashoshin maimaici biyu masu ɗauke da shiri ɗaya a yanki ɗaya, sai ya nuna buƙatar hakan ta fuskar fasaha. Dalili kuwa shi ne, zangon FM ya tsaya ne tsakanin megahas 88 da 108, don haka duk mitar da aka ba mai maimaita abin da jama'a suka riga suna ji, an hana wata sabuwar murya ke nan.

Matsalar ta fito fili a shekarar 2003, lokacin da hukumar ta buɗe ƙofar neman lasisi, aka shigar da takardu fiye da 13,000. Masu rajin ƙananan tashoshin al'umma, waɗanda aka fara ba su lasisi bisa tsarin shekarar 2000, suka koka cewa ba za a rage musu gurbi a birane ba. Wannan ya sa aka jingine dubban takardun na tsawon shekaru. Bugu da ƙari, a 2009 aka yarda tashoshin AM su ma su yi amfani da maimaicin FM, sai masu nema suka ƙaru.

Dokar rediyon al'umma ta 2010, wadda Shugaba Obama ya sa wa hannu a watan Janairun 2011, ta umarci hukumar ta tanadar wa ɓangarorin biyu gurbi gwargwadon buƙatar kowane yanki. A 2012 kuma hukumar ta ƙayyade yawan takardun 2003 da mai nema ɗaya zai ci gaba da su.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa dokar cike giɓi ba ta wadatar ba, sai da aka haɗa ta da ƙayyade rabon mitoci.