Labarun Ɓarayi da 'Yan Sanda: Tsakanin Ɗakin Karatu da Shagon Haya

Mutumin da ya tashi a Jiga Makera, ko wani ƙauye cikin ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, in ya yi boko har sha'awar labari ta kama shi, ina ya ke samun littafin da zai karanta? Tambayar nan tana da faɗi, saboda haka za mu taƙaita ta ga iri guda, watau labarin da aka gina bisa laifi, kamar sata da fashi da kisan kai, da yadda aka bi sawun mai laifin. Masana ba su cika kula da irin wannan labari ba, suna ganin na hira ne kawai. Amma kuwa in ana so a san ko ɗakin karatu na jama'a ne da gaske, to, a duba a gani ko ya yarda ya ajiye abin da jama'a ke karantawa don jin daɗinsu.

Sai mu fara da Ingila, domin daga can aka kawo mana tsarin ɗakin karatu. Cikin 1850 aka yi dokar da ta ba garuruwa iznin kafa laburare da kuɗin haraji, aka kuwa daɗe ana gardama ko ya kamata a ɓatar da kuɗin jama'a wajen sayen littattafan ƙage. Masu laburaren suka ga abin da ba su so, watau littattafan da su ke ganin sun fi amfani suna nan zaune ƙura na hawansu, na ƙage kuwa ba su kwana bisa kanta. Tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu, zamanin da su Agatha Christie da Dorothy Sayers su ke tashe, sabon littafin labari sule bakwai da sisi a ke sayar da shi, kuɗin da ba kowane ma'aikaci zai iya fitarwa don karatun dare biyu ba. Saboda haka galibin mutane aro su ke yi, ko a laburaren gari, ko a na kamfani irin na Boots, ko a ƙananan kantuna inda a ke biyan kwabo biyu a ɗauki littafi. Mai ɗab'i ya san tun kafin ya buga cewa ɗakunan aro za su kwashe masa kaso mai yawa, da wannan ya ke ƙulla ciniki da marubuci. Labarin bincike kuwa shi ya fi dacewa da aro, don in ka san wanda ya yi kisan, ka gama da littafin, sai ka mayar ka nemi wani.

Zumuncin nan bai rasa tsami ba. Marubuta suka riƙa kukan cewa littafi guda mutum ɗari sun karanta, su kuwa ladan guda suka samu. Ƙasar Denmark ta riga kowa sauraron kukan, cikin 1946, sa'an nan Ingila ta yi doka cikin 1979 wadda ta sa Gwamnati ta riƙa biyan marubuci gwargwadon yadda aka ari littafinsa. Ƙungiyar marubutan labarun laifi ta can, wadda John Creasey ya kafa cikin 1953, har kyauta ta musamman gare ta don marubucin da masu zuwa laburare suka fi so.

To, a ƙasar Hausa al'amarin ya bi wata hanya dabam. Ƙagaggen labari na boko ya fito ne daga Hukumar Talifi ta Zariya, sa'ad da Dokta Rupert East ya shirya gasa cikin 1933, aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, da kuma Jiki Magayi wanda East ya rubuta tare da John Tafida. Cikinsu Jiki Magayi ya fi kusa da abin da mu ke magana. Akwai ƙwacen budurwa, akwai ramuwa, akwai yaro Kyauta da ya zama ɓarawo har ya kashe mahaifinsa. Duk kayan labarin laifi sun taru, sai abu guda, watau mai bincike. Babu wanda ya ke tara shaida yana auna maganar wannan da ta wancan. Mai karatu ya san wanda ya yi kome tun da fari, abin da ya ke jira shi ne ya ga ranar sakayya. Haka abin ya ke a Da'u Fataken Dare na Tanko Zango, da Tauraruwar Hamada na Sa'idu Ahmed Daura, inda ɓarayi su ke jan labari, a yi ta mamakin wayonsu.

A ganina dalilai biyu ne suka hana mai bincike shigowa. Na farko, labarin bincike na Turawa ya dogara ga yardar mai karatu cewa ɗan sanda, ko da wawa ne, gaskiya ya ke nema. Talakan Arewa na wancan zamani kuwa abin da ya sani shi ne dogari da ɗan doka, waɗanda in sun shigo gari sai kowa ya kama jikinsa, ba a tsammanin marubuci ya mai da ɗayansu gwarzon labari mutane su gaskata. A tatsuniya da hikaya mai tona asiri alƙali ne mai dabara, ko rantsuwa, ko boka, kamar yadda za a gani cikin Magana Jari Ce. Dalili na biyu ya fi nauyi. Mai sayen littafi a lokacin Gwamnati ce da En'e, don makarantu. Wanda ya buga littafin shi ne ya ke saye, shi ne kuma ya ke da ɗakin da a ke ajiye shi, saboda haka babu inda son mai karatu zai shiga har ya juya alƙalamin marubuci.

Ɗakunan karatun kansu an kafa su ne da wata niyya. Zamanin yaƙin Hitila aka buɗe su a garuruwan En'e don mutane su sami labarin yaƙi yadda Gwamnati ta ke so su ji shi, aka zuba Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa cikin 1939, da mujallu da hotuna. Bayan yaƙi aka bar wa En'e su, kowace ta riƙe nata gwargwadon ƙarfin baitulmalinta da kulawar sarkinta. Cikin 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, yana aika akwatunan littattafai zuwa larduna. Sa'an nan aka yi Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta yi ta buga ƙananan littattafai daga 1954 zuwa 1959, galibinsu na koyarwa, kan tsabta da noma da zaman duniya. Da F. A. Sharr, wani masanin laburare daga Ostareliya, ya zagaya Arewa ya ba da rahotonsa cikin 1963, ya iske ɗakunan nan da yawa cikin rashin kulawa. A tuna kuma da nisa. Ƙasar Jega tana ƙarƙashin En'e ta Gwandu ce, wadda hedkwatarta ke Birnin Kebbi, manomin ƙauye kuwa kasuwa ita ke fitar da shi daga gida, ba ya ɗaura tafiya don ya zauna bisa benci ya karanta jarida.

Mai bincike da bindigarsa sun shigo mana ta ƙofar Turanci. Cikin shekarun 1970 da 1980 'yan sakandare da 'yan kwalejin horon malamai suka rungumi littattafan James Hadley Chase, ana sayensu kwance a bakin titi, ana ba juna aro har bango ya fita, malamai kuwa suna ƙwacewa in sun kama. Daga 1977 kamfanin Macmillan ya fito da jerin Pacesetters, wanda 'yan Afirka su ke rubutawa, har da Mohammed Sule mai The Undesirable Element. Waɗanda suka sha wannan karatu su ne suka juyo ga Hausa. Gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya ta fitar da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare cikin 1982, labarin tsohon soja da ya zama shugaban 'yan ta'adda, da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya tona fasa-ƙwauri da cin hanci. A nan ne laifi ya fita daga dajin tatsuniya ya shigo gari, da motoci da ofisoshi. Sai dai sun fito a mugun lokaci, domin ba a jima ba tattalin arzikin ƙasa ya karye, darajar naira ta faɗi daga 1986, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya, laburaren jihohi kuma suka koma biyan albashi, sayen sabon littafi ya zama sai an dace.

Abin da Boots da kantunan kwabo biyu suka yi wa marubutan Ingila, shagon haya ya yi wa na Kano. Daga tsakiyar shekarun 1980 samari da mata suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suna kai wa 'yan kasuwa. An fi sanin wannan adabi da soyayya, amma cikinsa akwai marubuta irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih, waɗanda suka yi suna da labarun ta'asa masu sarƙaƙiya. Littattafan suka bi hanyar da littattafan addini da waƙoƙin ajami suka daɗe suna bi, watau daga dila zuwa mai shimfiɗa a kasuwa, gari kuwa irin Jega, da ke mararrabar hanyar Sakkwato da Yawuri da Birnin Kebbi, irin wannan hanya ta fi kusa da shi bisa ga akwatin Kaduna. Mai haya ya sayi kwafi ɗaya, ya ba da shi kwana ɗaya ko biyu a kan kuɗi kaɗan, yara su kai wa matan aure cikin gida. Shi ne ya san abin da a ke so, don kullum yana ganin wanda a ke layi a kansa. Daga gare shi labari ya ke komawa ga dila, daga dila zuwa marubuci. Har tsarin labarin ya bi wannan ciniki, a raba shi littafi na ɗaya da na biyu da na uku, a yanke a daidai inda zuciyar mai karatu ta rataya. Kukan da marubutan Ingila suka yi kuwa ya dawo da Hausa, domin mai haya ba ya ba marubuci ko anini bayan kuɗin kwafin farko.

Hukuma ba ta karɓi wannan adabi hannu biyu ba. An zarge shi da ɓata tarbiyya, har cikin 2007 aka ƙona waɗansu littattafai a bainar jama'a a Kano, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Ga shi an buga su bisa takarda mai araha wadda ba ta jure hannu da damina, mai haya kuwa in littafi ya mutu sai ya yar. Waɗanda suka tsaya tara su ɗaiɗaikun malamai ne, irin su Abdalla Uba Adamu a Kano, da Graham Furniss wanda ya tara masu yawa a makarantar SOAS ta London, suka tsara sunayensu tare da Malami Buba da William Burgess. Yau shagunan haya sun ragu ƙwarai, labari ya koma cikin waya, ana tura shi ta WhatsApp ana sauraronsa a YouTube. Ɗalibin da ya tashi daga Aliero yana son ya rubuta tarihin labarun laifi na Hausa, sai ya bi tsofaffin dilolin Sabon Garin Kano da akwatunan iyayensa mata, in ya rasa wani kwafi kuma ya rubuta wasiƙa London.