Tukwanen Magdalene Odundo: Rawar da Ta Faro Daga Tsohuwar Abuja

A shekarar 1951 ne wani Baturen Ingila mai suna Michael Cardew, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora wa aikin inganta sana'ar ginin tukwane, ya zaɓi tsohon garin Abuja, wato Suleja ta yau, domin kafa cibiyar horar da magina. A fadar Sarki Sulaimanu Barau ya ga tulunan wata maginiya 'yar ƙabilar Gbagyi, Ladi Kwali, wadda a 1954 ta zama mace ta farko da ta shiga cibiyar. Ta koyi aiki da faifan juyi na Turawa, amma ba ta saki hanyar iyayenta ba, kuma wannan riƙon shi ne ya yi tasiri bayan shekara ashirin.

An haifi Magdalene Odundo a Nairobi, ƙasar Kenya, a 1950. Ta tafi Ingila a 1971 da niyyar karatun zane, sai yumɓu ya ja hankalinta, ta shiga makarantar fasaha ta garin Farnham. Cardew, wanda a lokacin ya riga ya koma gida, shi ya ba ta shawarar zuwa Abuja, ta kuwa isa a 1974.

Abin da ta tarar ya bambanta da na makaranta. A kan faifan juyi yumɓu ne ke zagayawa, magini yana zaune wuri guda. A wurin matan Gbagyi kuwa tukunya ce ke zaune, maginiya ita ke kewaya ta a sunkuye, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, tana jan bangon sama kaɗan-kaɗan, ƙafa da ƙugu da kafaɗa duk suna tafiya bisa ma'auni guda. Wanda ya kalli wannan aiki zai ce rawa ce, kuma tukunyar da aka gina haka ba ta rasa alamar jikin da ya zagaye ta. A ganina, a nan ne aikin Odundo ya samo ƙashin bayansa.

Sauran ya zo a hankali. A 1976 ta je jihar New Mexico ta Amurka ta ga baƙaƙen tukwanen mutanen San Ildefonso, sannan ta yi karatu a Royal College of Art da ke Landan daga 1979 zuwa 1982. Daga nan ta tsaya kan hanya ɗaya: ta gina da hannu, ta shafa ruwan yumɓu mai laushi, ta goge da dutse har fatar tukunya ta yi santsi, ba tare da fentin gilashi ba. Gashin farko, da isasshiyar iska, yakan ba da launin ja mai ruwan lemo. Na biyu, a rufe cikin hayaƙi, yakan mayar da ita baƙa mai walƙiya, ta yadda haske ke zamewa a kanta kamar a kafaɗar mai rawa da ya yi gumi. Wuyan wata ya karkata, cikin wata ya turo, wata ta buɗe baki sama, duk da haka yawancinsu ba ta raɗa musu suna ba.

A 2019 gidan fasaha na Hepworth da ke Wakefield ya baje ayyukanta tare da kayan da ita da kanta ta zaɓo daga zamunna da ƙasashe daban-daban, har da aikin Ladi Kwali, wadda ta rasu tun 1984. Shekara guda kafin wannan baje kolin an naɗa Odundo uwar jami'ar fasahar da makarantar Farnham ta zama ɓangarenta, kuma a 2020 Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma ta Dame.