Dodo da Fatalwa a Daren Sabo

Tun da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, fataken goro da shanu ba kaya kaɗai suka kawo ba, har da tatsuniyoyinsu. Hunturun nan bai kai na Kano ba, amma da ƙura ta sauka a Disamba, sai tsofaffin mata su tara yara bayan lisha: "Ga ta nan, ga ta nanku." Da rana kuwa ba a yi, wai mai yi ɓacewa zai yi.

Dodo shi ne sarkin tsoro, mai haɗiye yarinyar da ta ƙi jin magana. Sai maye mai kama kurwa, sai fatalwa. Irinsu Bature Frank Edgar ya tattara a littafi tun 1911.

Zama da Yarbawa ya ƙara mana wani, akudaya: mutum ya mutu a garinsu, a gan shi a wani gari ya yi aure yana kasuwanci, ranar da ɗan garinsu ya gane shi sai ya ɓace. Ku duba fa, labarin baƙo ne, shi ya sa ya kama mu. Na sha jin an mayar da shi kan wani dillalin goro.

A addini dai mamaci ba ya dawowa. Wanda ya fi damuna shi ne na maita, don na ga tsohuwar da yara suka daina sayen ƙosanta saboda shi, har ta tattara ta koma Arewa.