Sinadaran Lada na Ƙwaƙwalwa da Kamuwa da Magungunan Asibiti: Nazari kan Kodin da Tiramadol

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar binciken da aka gudanar kan yadda kodin da tiramadol suke taɓa hanyar lada ta ƙwaƙwalwa. Matsayar da ta cim ma ita ce, kamuwa da waɗannan magunguna darasi ne da ƙwaƙwalwa take haddacewa, kuma hana sayar da magani shi kaɗai ba ya goge wannan hadda.

Gabatarwa

Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda. Miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe zafi dangin ofiyam ba da iznin likita ba, miliyan 2.4 kuma sun sha maganin tari ba don jinya ba. Abin tambaya shi ne, ta yaya maganin da aka yi don sauƙaƙa ciwo yake mallake mai shan sa?

Hanyar Lada da Aikin Dofamin

A 1954, James Olds da Peter Milner na Jami'ar McGill a Kanada suka dasa siririyar waya a ƙwaƙwalwar ɓera, suka haɗa ta da wani madanni. Duk lokacin da ɓeran ya danna, ɗan lantarki ya taɓa wurin. Sai ya tare a gindin madannin, yana ta dannawa babu gajiya. Daga baya aka gano cewa hanyar lada tana tasowa daga wani gungu na ƙwayoyin jijiya da ake kira VTA, ta zuba sinadarin dofamin a yankin nukiliyas akumbens. Da ita jiki yake koya wa mutum neman abinci da ruwa da abokin zama.

An daɗe ana ɗaukar dofamin a matsayin sinadarin jin daɗi, har Wolfram Schultz da abokan aikinsa suka gyara wannan fahimta a 1997. Sun riƙa ɗiga wa birai ruwan 'ya'yan itace suna auna motsin ƙwayoyin dofamin. Da farko ƙwayoyin suna zabura idan ruwan ya zo ba zato. Da birin ya gane cewa wata alama ce take gabatar ruwan, sai zaburar ta koma kan alamar. Idan alamar ta zo ruwa bai biyo ba, motsin ya faɗi ƙasa. Ke nan aikin dofamin shi ne yi wa abu shaida cewa a sake neman sa. Da ma a 1993 Terry Robinson da Kent Berridge sun bambance kwaɗayin abu da jin daɗinsa: a jikin wanda ya kamu, kwaɗayin yana hauhawa, daɗin yana raguwa. A ganina babu binciken da ya kai wannan amfani ga iyaye da ma'aikatan lafiya, domin shi ya fayyace dalilin da matashi zai rantse cewa ƙwayar ta daina yi masa komai, gari na wayewa kuma ya nufi kemis.

Yadda Kodin da Tiramadol Suke Shiga

Hanta tana da wani sinadari, CYP2D6, mai mayar da wani kaso na kodin zuwa mofin, ya kuma sarrafa tiramadol zuwa wani nau'i da ya fi shi ƙarfi. Waɗannan suna manne wa makarɓan da aka halitta don endofin, wato maganin zafi da jiki yake yi da kansa. A VTA akwai ƙwayoyin jijiya masu fitar da GABA, waɗanda suke zaman birki ga ƙwayoyin dofamin. Johnson da North sun nuna a 1992 cewa dangin ofiyam suna sassauta wannan birki, dofamin ya kwararo fiye da ƙima. Ƙwaƙwalwa ba ruwanta da takardar likita. Kuma mutane sun bambanta a gado: wasu hantarsu tana juya kodin da sauri ƙwarai, har kaso da aka saba bayarwa ya yi musu yawa.

Tiramadol yana da ƙarin haɗari, domin yana hana jijiyoyi sake tsotse serotonin da noradiranalin. Wannan ne yake ba ɗan dako ko mai noma jin kamar ya sami sabon ƙarfi, shi ne kuma yake jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Iyakar da likitoci suka gindaya ita ce miligiram 400 a rana, alhali ƙwaya guda ta bayan fage takan ɗauki 225.

Sabo da Zafin Janyewa

Idan aka ci gaba da sha, ƙwaƙwalwa tana kare kanta. Hotunan da Nora Volkow da abokan aikinta suka ɗauka sun nuna raguwar makarɓan dofamin nau'in D2 a masu ta'ammali da ƙwaya. Abinci da hira da wasa duk su salance. George Koob kuma ya nuna yadda sinadaran damuwa suke ƙaruwa a wannan mataki. Ranar da aka rasa ƙwayar, sai hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci yana yoyo, tsigar jiki tana tashi, ga gudawa, ga ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙaurace. Mai wannan hali yana sha ne don ya iya miƙewa tsaye. Sabo yana sa ya ƙara yawan abin da yake sha, maganin kuwa yana danne cibiyar numfashi, kuma ta nan ajali yake zuwa.

Kammalawa

A ranar 1 ga Mayu 2018, bayan wani rahoton binciken BBC kan shan kodin, Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Mataki ne da ya dace, sai dai ya taɓa kasuwa ne kawai. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta riga ta haddace kwaɗayin zai nemi madadi a tiramadol, tun da hanya guda suke bi. Ɗaure shi da mari ba ya dawo da makarɓan da suka ragu. Maƙalar tana kira ga gwamnatocin jihohi su samar da metadon da bufirenofin, magungunan jinyar kamuwa, ƙarƙashin kulawar likita, su tanadi nalokson, mai ceton wanda ya sha fiye da ƙima, a asibitocin ƙananan hukumomi, su kuma horar da masu rubuta magani kan rage shi sannu a hankali maimakon yankewa lokaci guda.