Jidda: Tarihin Ƙofar Makka a Bakin Bahar Maliya

Jidda babban birni ne a gaɓar Bahar Maliya, a yammacin Saudiyya, kimanin kilomita 70 daga Makka. Bayan Riyad babu birnin da ya kai shi girma a ƙasar, domin ƙidayar 2022 ta nuna mazaunansa sun haura miliyan uku da rabi. Kasuwarsa da baƙinsa duka a kan sawun alhazai suka tsiro.

A shekara ta 26 bayan Hijira, wajen 647 Miladiyya, Halifa Usman ɗan Affan ya mayar da tashar jiragen ruwan Makka daga Shu'aiba zuwa Jidda. Tun daga lokacin, jirgin da ya sauke mahajjata shi ke sauke hatsin Masar da yadin Indiya da kayan yaji. Wannan arziki ya ja idon Turawan Fotugal, sai Husaini al-Kurdi, kwamandan Sarkin Masar Ƙansu al-Gauri, ya kewaye garin da ganuwa. Da Fotugal suka kawo hari a 1517, ba su samu shiga ba.

Buɗe mashigin Suwes a 1869 ya ƙara wa tashar ciniki. Attajirai suka gina benaye da dutsen murjanin teku, suka ƙawata su da tagogin katako masu sassaƙa, waɗanda ke shigo da iska amma mai wucewa ba ya ganin matan gida. A ɗaya daga cikinsu, gidan Nasif, Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya karɓi garin a Disambar 1925. A 1947 aka rushe ganuwar, kuɗin man fetur suka shigo, gari ya bazu kudu da arewa.

Hausawa na da tsohon sawu a nan. Kafin zuwan jirgin sama, maniyyaci daga Adar ko Gobir ko Damagaram kan yi sallama da dangi kamar ba zai dawo ba. Ya bi ta Cadi da Darfur a ƙasa, yana tsayawa ƙwadago a gonakin Sudan don ya tara guzuri, har ya isa Sawakin ya hau jirgin ruwa. Tafiyar kan ci shekaru. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ayarin masu hijira zuwa gabas ya ƙaru. Wasu suka tsaya a Sudan, wasu suka tsallaka suka zauna a Hijaz, inda ake kiran su Takari. Jikokinsu na amsa sunan Hausawi, kamar Usama Hausawi, wanda ya buga wa ƙungiyar Al-Ahli ta Jidda ƙwallo, ya kuma jagoranci ƴan wasan Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018.

Filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz, mai zangon alhazai da rufinsa ya yi kama da tantuna, ya fara aiki a 1981. Yanzu alhaji daga Karofane ko Buza ko Keita ko Madawa a Nijar yakan tashi daga Yamai ya sauka Saudiyya cikin awoyi. Tsarabar da yake rabawa in ya dawo, dabino da tasbaha da sallaya da turare, ita ce ta zama sana'ar fatake da ake kira ƴan Kano-Jidda, masu saro abaya da gwal a kasuwanni irin su Bab Sharif.

Birnin Jidda ne mazaunin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, wanda ya fara aiki a 1975, da Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi. Tsohon firaministan Nijar Hamid Algabid ya riƙe muƙamin babban sakataren ƙungiyar daga 1989 zuwa 1996.

Yawon buɗe ido shi ya zo daga baya. Hukumar UNESCO ta saka tsohon gari, Al-Balad, cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, Saudiyya kuma ta fara bayar da bizar yawon buɗe ido a Satumbar 2019. Da yamma iyalai kan cika bakin teku suna kallon maɓuɓɓugar Sarki Fahad da ke cilla ruwa sama da mita 250. A Disambar 2021 aka yi tseren motocin Formula 1 na farko a garin. Jirgin ƙasan Haramain, da aka ƙaddamar a 2018, yana kai fasinja daga Jidda zuwa Makka cikin ƙasa da awa guda.