Ƙarancin jini ga masu ciwon sukari

Ƙarancin jini na yawan addabar masu ciwon sukari, sai dai ba kullum ne rashin sinadarin ƙarfe ke haddasa shi ba.

Sau da yawa cutar ce ta taɓa ƙoda, wadda ke samar da sinadarin da ke sa ɓargo ya haɗa jini. Haka kuma, daɗewa ana shan maganin metformin kan rage bitamin B12.

Shan maganin ƙarin jini barkatai na da haɗari, domin idan ƙarfe ya taru fiye da kima yakan illata hanta da gaɓar da ke samar da insulin.

Shi ya sa likitoci ke fara yin gwajin jini da na ƙoda, irin wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kafin su ba da magani.