Kisan kai a Final Kod: abin da kotu ke nema a zuciyar wanda ake tuhuma

A shari'ar kisan kai, gawa da makami ba su isa a yanke wa mutum hukuncin kisa ba. Wajibi ne mai gabatar da ƙara ya tabbatar da halin da zuciyar wanda ake tuhuma take ciki a lokacin da ya aikata abin.

Kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a Arewacin Najeriya a 1960, an gina shi ne a kan kundin Sudan, shi kuma ya samo asali daga na Indiya na 1860. Sashe na 221 ya tanadi hukuncin kisa ta hanya biyu: ko mutum ya yi niyyar kashewa, ko ya san, ko yana da dalilin sanin, cewa mutuwa ce sakamakon da aka saba gani daga irin aikinsa. A nan gizo yake saƙa. Kundin ya bambanta aikin da mutuwa ce ƙarshensa bisa al'ada da wanda mutuwa za ta iya biyo bayansa kawai, ba tare da mai hankali ya yi mamaki ba. Na farko rataya, na biyu ɗauri ƙarƙashin sashe na 224, wanda ka iya kaiwa rai da rai. Tunda ba a ganin zuciya, alƙalai kan duba irin makamin, da sashen jikin da aka nufa, da yawan sara ko suka.

Sashe na 222 ya sassauta hukunci a wasu yanayi, ciki har da tsokana mai tsanani ta ba-zata, faɗan da ya ɓarke ba shiri, da wuce gona da iri wajen kare kai. Batun tsokana yana da tarihi. A 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisan da aka yanke wa Tsofo Gubba a Gwandu, domin mazhabar Malikiyya ba ta ɗaukar tsokana uzuri, alhali dokar Turawa tana ɗauka. Wannan saɓani na cikin abubuwan da suka share wa Final Kod hanya.

Kare kai kuwa ya fi wuyar tabbatarwa fiye da yadda jama'a ke zato. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan Sunday Jackson, manomi daga Adamawa, bisa hujjar cewa ya riga ya ƙwace wuƙar maharinsa kafin ya soke shi, kuma yana da damar gudu. A ganina an ɗora wa mutumin da ke cikin firgici lissafin da sai mai natsuwa zai iya.

Wasu jihohi, kamar Kaduna a 2017, sun sake rubuta kundinsu, don haka lambobin sassan sun sauya a can.